Labo Mai Lodi Ya Zaunar da 'Yan Jami'a

Duk wanda ya taɓa hawa mota a tashar Gaya, ko Doso za shi, ko Kamba, ko ƙetaren gada zuwa Malanbil, to ya bi ta hannun Labo, ko ya sani ko bai sani ba. Wani dogo ne, baƙi, siriri, da hula guda ɗaya wadda rana ta cinye launinta tun tuni. Ɗan kamasho ne, aikinsa lodi: ya kira fasinja, ya ɗora kaya, ya zaunar da kowa. Labo Mai Lodi ake ce masa, har matarsa Kaltuma haka take kiransa in ta so tsokana.

A Karakara aka haife shi, gidan manoma. Shekarar da gero ya ƙi, yana ɗan shekara goma sha takwas, ya hau bayan wani kamyo, babbar motar kaya, ya sauka Gaya, bai sake komawa gida da zama ba. Ya yi dako, ya yi wankin mota, har wani tsohon direba ya lura da shi ya ce ya riƙa yi masa lodi. Bai taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa. Amma fa Allah ya ba shi ido. Kallo ɗaya zai yi maka ya san faɗin da za ka ci a kujera. Motar da masu ƙera ta suka ce mutum goma sha huɗu za ta ɗauka, Labo zai zuba mata sha tara, da kaji, da ƙwarya, kuma kowa ya sauka da ƙafarsa ba tare da an yi faɗa ba. Ya san mai ƙiba ba a haɗa shi da mai goyo, ya san tsohuwa mai amai gefen taga take so, ya san mai sauka kusa ba a kai shi ƙurya.

Abin da ya fi wannan ban mamaki, ba ya manta zama. An taɓa kawo masa wata jaka da aka tsinta ƙarƙashin kujera bayan sati biyu. Ya juya ta sau ɗaya, ya ce ta wata 'yar Dendi ce da ta zauna layi na uku, gefen wani Bafillace mai rediyo, kuma a Tanda ta sauka. Aka aika Tanda, ga matar nan tana ta cigiya. Direbobi sun daɗe suna cewa Labo yana da aljanu. Shi kuwa in ya ji sai ya ce ba aljanu ba ne, su ne ba sa kallon mutane.

Cikin 'ya'yansa biyar, Nasiba ce karatu ya karɓa. Tana shekarar ƙarshe a wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta da ke bayan gari, kan hanyar Doso, inda ake koyar da kasuwanci da aikin takardun shige da ficen kaya. Wani ofis na masu fitar da kaya daga duwan, wato kwastan, ya riga ya ajiye mata wuri, da sharaɗi ɗaya: ta kawo diplom, takardar gama karatu, kafin watan Satumba. Jarrabawar ƙarshe kuwa sau ɗaya ake yin ta a shekara, don malaman daga Yamai suke zuwa, su yi 'yan makonninsu su koma. Wanda ya rasa ta sai baɗi. Labo ba mutum ba ne mai yawan magana a kan 'ya'yansa, amma duk tasha an san ranar wannan jarrabawa, domin shi ya faɗa musu, ba sau ɗaya ba.

Sai ga korona. Iyakar Najeriya dama tun bara a rufe take, aka zo aka hana fasinja ƙetare gada, aka rufe makarantu tun daga ƙanana har jami'a. Tashar da ba ka jin maganar na kusa da kai sai ta koma wurin kiwon awaki. Labo ya wuni bisa benci yana kallon motoci a jere, shekara talatin da huɗu ke nan bai taɓa zaman banza irin wannan ba. Nasiba tana gida tana bitar kaye, littattafan da take rubuta darasi, tana rama.

Da damina ta kawo kai aka ce 'yan shekarar ƙarshe su koma, amma da sharaɗi: takunkumi a baki, wanke hannu a ƙofa, da mita guda tsakanin kowane ɗalibi da ɗan'uwansa. Nan fa ake yin ta. Ɗalibai ɗari da goma sha takwas, babban aji guda ɗaya. Shugaban makarantar, Mushe Abdulhakim, wato Malam Abdulhakim a Faransanci, mutum ne mai kirki da yawan gumi, ya ɗauki abin awo ya wuni yana rarrafe a ƙasa. Lissafinsa ya tsaya a sittin da huɗu, mutum ɗaya a tsakiyar kowane benci. Raba su gida biyu kuwa ba zai yiwu ba, malaman Yamai sun ce sati uku za su koyar, na huɗu jarrabawa, ko kwana ɗaya ba za su ƙara ba. Nasiba ta dawo gida ta ce ana maganar a fasa sai baɗi.

Washegari Labo ya sa hularsa ya tafi makarantar. Bai taɓa shiga wurin ba, kullum a bakin ƙofa yake tsayawa. Ya gaida Mushe, ya ce shi ne mahaifin Nasiba, ya roƙi a nuna masa ɗakin. Mushe ya kai shi don ladabi kawai. Labo ya tsaya a ƙofa, ya dubi ɗakin daga wannan bango zuwa wancan, bai taka ko'ina ba.

"Wannan ai zai ɗauke su duka," in ji shi.

Mushe ya yi murmushi cikin takunkumi, ya ce Baba ba cusa su ake so a yi ba, raba su ake so a yi. Labo ya ce ya gane. Ya ce wanda ya san iyakar matsin da mutum zai iya ɗauka, shi ya san faɗin mutum, kuma lodin ɗakin ne aka yi ba daidai ba. A ba shi majiya ƙarfi huɗu zuwa azahar.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya sa aka fitar da dandamalin malami, da wasu kabad uku da ɓeraye suka mayar gida. Ya juya bencina suka fuskanci dogon bango, aka mayar da allo can. Maimakon mutum ɗaya a tsakiya, ya ce biyu, kowa a ƙarshen benci. Layin baya ya gocar da shi kaɗan, don kada wani ya yi numfashi a ƙeyar wani. Manyan ƙofofin gefe da aka shekara ba a buɗe ba ya sa aka ɓalle su, ya zuba layi guda a baranda. Ba ya awo da komai, hannu kawai yake ɗagawa ya ce a matsa, a ƙara, ya isa. Mushe na biye da shi da abin awonsa, yana aunawa yana sake aunawa. Duk inda ya ɗora, mita ce da ɗan ƙari. Da ya ƙirga wuraren zama ya samu ɗari da goma sha takwas cif, sai ya zauna a kan benci ya cire tabarau. Daga baya ya tambayi Labo ko zai riƙa zuwa kullum.

Haka Labo Mai Lodi ya zama mai zaunar da 'yan jami'a. Ƙarfe bakwai yana bakin ƙofa, kusa da bokitin wanke hannu, da takunkumin atamfa da Kaltuma ta ɗinka masa. Dokar tasha ya kawo musu: na ƙurya ya fara shiga, na bakin ƙofa ya fara fita, ba a tsallake kowa. Layukan ma suna ya ba su, wannan layin Doso, wannan na Kamba, wannan na Malanbil, baranda kuwa layin Tunuga, don a cewarsa ita ce ta bakin ruwa. Yara suna dariya, suna tambayarsa ko mota ta cika. Ya ce saura mutum ɗaya, ko da saura arba'in ne. Nasiba da farko ƙasa take kallo in ya ɗaga murya. Kafin sati ya ƙare ita ke kawo masa ruwa. Ya zaunar da ita a baranda, wurin da ya fi ko'ina iska, kuma bai ɓoye wa kowa dalili ba.

Ofishin makaranta ya buga takarda mai lambar kowace kujera, kowa ya sa hannu a gaban lambarsa. Ai kuwa 'yan makaranta ba su bar halinsu ba. Wannan ya sa wa abokinsa hannu, wancan ya sa hannu a lamba ashirin ya je ya zauna a tamanin don can budurwarsa take. Labo bai hana ba. Shi a wurinsa fasinja ya zauna inda ransa ke so, in dai wurin babu kowa kuma bai ja benci ba.

Ranar Alhamis ta sati na biyu hadari ya taso daga gabas da hantsi. Iska ta kaɗo ruwa cikin baranda, 'yan layin Tunuga suka tashi suna kare kayensu. Labo ya shigo da su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a wuraren waɗanda ba su zo ba. Nasiba ce ta ƙarshe, wuri ɗaya ya rage, ƙarshen wani benci a layin Kamba. A ɗaya ƙarshen akwai wani yaro mai suna Bashir, mai yawan canjin wuri, yana ta jan takunkuminsa ƙasa yana share gumi. Awa guda ta yi a nan, ruwa ya ɗauke, ta koma wurinta.

Ranar Juma'a Bashir bai zo ba. Ranar Talata ta sati na uku sakamakon gwajin da aka yi masa ya dawo daga Yamai: yana da korona.

Kafin azahar motar ma'aikatan lafiya ta shigo. Babbarsu wata lokotoro ce, wato likita, Madam Mansura, gajera, ba ta da wasa. Aka tara ɗalibai a fili ƙarƙashin itacen dogon yaro, kowa nesa da kowa. Ta ce magana ɗaya ce. Tana son sunan duk wanda ya zauna dab da Bashir daga Litinin zuwa Alhamis ta wancan satin. Waɗannan za su zauna a gida kwana goma sha huɗu daga ranar da suka haɗu da shi, sauran su ci gaba. In ba a samu sunayen ba, za ta rufe makarantar da kowa da kowa. Mushe ya kawo takardun sa hannu da gudu. Ta duba shafi biyu, ta tambayi yara uku inda suka zauna, ta mayar masa da abinsa. Takarda ta ce Bashir bai taɓa barin lamba arba'in da ɗaya ba, alhali duk aji ya san ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Shi kuma yana kwance, zazzaɓi ya hana shi gane ko ɗakin da yake.

Labo yana tsaye gefen bokiti, kuma tun da aka ambaci Alhamis ya kama ƙirga kwanaki. Lissafin kwanaki ba sai an shiga lakwal ba. Jarrabawa Litinin ce, Talata, Laraba. Kwana goma sha huɗu daga waccan Alhamis, wata Alhamis ce, kwana ɗaya bayan an tashi. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Da zai yi shiru, babu mai tambayarsa, amma a rufe makaranta, Nasiba ta rasa tare da kowa. Da zai yi magana ya tsallake suna ɗaya, wa zai sani? Ana cikin ruwa da iska aka yi abin, kowa ta kayensa yake.

Mushe ne ya juyo ya dube shi. Ya ce wa lokotoro akwai wani dattijo a nan, ko za ta saurare shi. Ta dubi hular, ta dubi silifas, ta ce ta ba shi minti biyar.

Labo ya tako tsakiyar fili. Bai rufe ido ba, bai yi dogon tunani ba. Ya ce ranar Litinin Bashir layin Doso ya zauna, benci na huɗu, gefen bango. Abokin bencinsa Mumuni mai jar riga. Gabansa yarinyar nan mai tabarau, Balkisu, bayansa Alassan, wanda ya zo a makare da hular kwano a hannu. Ya nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Mumuni ya miƙe a hankali ya ce haka ne. Balkisu ta rufe baki da hannu bisa takunkumi. Ranar Talata, in ji Labo, ya koma layin Malanbil don fanka, ya kira mutum uku, har ya faɗi wanda ya ara masa bik na rubutu. Ranar Laraba wuri biyu ya zauna, da safe nan, bayan hutu can. Lokotoro ta daina kallonsa ta kama rubutu, hannunta na sauri. Don ta gwada shi, ta nuna wata yarinya can baya wadda ba ta cikin zancen, ta ce wannan fa, ina ta zauna ranar Talata? Ya faɗa, ya ƙara da cewa ranar takalminta ya tsinke ta ɗaure da leda. Mutum ɗari da wani abu, masu karatun da shi bai san ko harafinsa ba, kowa ya saki baki yana kallon ɗan kamasho. Wani daga cikin ma'aikatan lafiya ya ce Allahu akbar a hankali.

Ya zo kan Alhamis. Layin Kamba, benci na shida. Ya kira na gaba, ya kira na baya. Suna goma sha ɗaya ke nan. Lokotoro ta ja layi a ƙarƙashi, ta tambayi wa ke ɗaya ƙarshen bencin. Wani yaro ya amsa daga cikin taro cewa babu kowa, mai wurin bai zo ba ranar. Wasu suka ce haka ne, babu kowa. Ta fara rufe kaye.

Wanzami ba ya son jarfa, haka Hausawa suka ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Labo ya nemi Nasiba da ido. Tana zaune bisa tushen itace, kanta a ƙasa, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Ta sani, shi ma ya san ta sani. Ya dubi goma sha ɗayan da suka koma gefe, 'ya'yan mutane, Balkisu tana kuka ba sauti. Shi ya fitar da su da bakinsa.

"Madam, ba ki gama ba," in ji shi. "Da aka yi ruwa na zaunar da mutum a wurin. Awa guda ta yi. Nasiba Labo."

Lokotoro ta ɗago. Mushe ya matso ya raɗa mata wani abu. Ta daɗe tana kallon Labo, sannan ta tambaye shi ko ya tabbata.

"Ni na kai ta da hannuna."

Ta rubuta. Nasiba ta miƙe, ta rataya jaka, ta ratsa fili ta tsaya tare da sauran. Ba ta dubi inda yake ba.

Makaranta ba ta rufe ba. Mushe ya buga waya Yamai har sau nawa yana roƙon a ɗaga jarrabawa ko da kwana uku ne, aka ce malamai suna da wata jarrabawar a wani gari. A gida Kaltuma ta share ɗakin ƙofa ta shimfiɗa wa Nasiba, ta ware mata kwano da buta. Ta ce wa Labo abin da ke ranta sau ɗaya, a tsakar gida, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji: awa guda, ko tari yarinyar ba ta yi, shekara uku ta tafi a kan awa guda. Shi ma abin da yake faɗa wa kansa ke nan. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Nasiba ba ta zagi korona ba, ba ta zagi Bashir ba, gaisuwar ubanta ce ta daina amsawa. Kullum zai tsaya nesa da ƙofarta ya ce ina kwana, ya ji shiru, ya sa hula ya tafi aiki.

Biyu daga cikin sha biyun sun kamu, suka warke, Bashir ma ya tashi. Nasiba ko ciwon kai ba ta yi ba. Wurin da aka ajiye mata a ofis kuwa aka ba wani, tun kafin Satumba.

Ranar Litinin ta jarrabawa Labo ya riga kowa zuwa. Ya zaunar da su kamar kullum, na ƙurya ya fara shiga. Ranar babu mai tsokanarsa. Wasu in sun zo wucewa sai su rage tsawo su ce ina kwana Baba, cikin malaman Yamai ma ɗaya ya tsaya ya cire hula. Shi duk bai ji daɗin ko ɗaya ba. Da aka raba takardu ya koma ƙarƙashin itace ya zauna har aka tashi.

Da la'asar ya shigo gida. Kaltuma tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, taku uku daga ƙofar ɗakin, ya yi sallama don dai kada a ce bai yi ba. Ya juya zai wuce ke nan ya ji muryarta daga ciki, a dushe.

"Baba."

"Na'am."

"Su nawa suka zauna?"

"Ɗari da biyar."

"Duk sun samu wuri?"

"Duk sun samu."

Ya ji tana jan hanci, ya ji tabarma ta motsa, ta matso kusa da ƙofa iyakar inda aka yarda ta matso.

"To ka je ka ci abinci," in ji ta. "Inna ta ce tun jiya ba ka ci komai ba."

Labo ya ce to. Amma bai tafi ba. Ya durƙusa a wurin, ya cire hula ya rufe fuska da ita.